Kotu Na Kira, Mutum Na Ƙetare: A Jira Shi Ko A Ci Gaba?

Ranar 23 ga Nuwamba, 2020, Mai Shari'a Okon Abang na Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ya sa aka wuce da Sanata Ali Ndume gidan yarin Kuje. Ba shi ake tuhuma ba. Abin da ya kai shi can shi ne ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, beli a kan naira miliyan 500, Maina kuwa ya ɗauke ƙafa daga kotu tun watan Satumba. Sanatan ya yi 'yan kwanaki a tsare kafin shi ma a ba da belinsa. Ƙarshen watan aka cafke Maina a Yamai, aka dawo da shi Abuja farkon Disamba, kuma a Nuwamban 2021 kotun ta ɗaure shi shekara 8 kan halasta kuɗin haram.

Mai sauraron rediyo a Kafinsoli, cikin ƙaramar hukumar Kankiya, zai iya ɗaukar wannan a matsayin labarin manya, na can Abuja. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa tana shiga gidajen talakawa ma. Kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, Kankiya da Kusada da Ingawa suna da 'ya'yansu a waje: masu fatauci tsakanin Maraɗi da Agadas, 'yan ci-rani a Aljeriya da Libiya, direbobi da masu aikatau a Jidda da Makka, ɗalibai a Masar da Indiya. Cikinsu ba a rasa wanda ya bar shari'a a gida. Rikicin iyakar gona ne ya kai ga rauni, ko kuɗin jari ne aka ce ya ci amana, ko haɗarin mota ne aka yi asarar rai. An ba da belinsa, shari'a ta ja, bizarsa ta fito, ya tafi. Yanzu ga ranar zama ta zo, lauyansa ya miƙe ya ce: ranka ya daɗe, wanda ake tuhuma ba ya ƙasar, muna roƙon a ɗage.

Me ya kamata alƙali ya yi? A kan wannan lauyoyi da malamai da masu ƙara sun rabu gida biyu, kuma kowane gida yana da abin kamawa.

Abin da doka ta ce

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Mayun 2015, ita ce ginshiƙi. Jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Katsina ma ta yi tata a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Sashe na 266 na dokar tarayyar ya wajabta wa wanda ake tuhuma kasancewa a kotu tun daga farko har ƙarshe, sai fa idan ya hana zaman tafiya da rashin ɗa'a, ko kuma ranar da ake sauraron ƙananan roƙe-roƙen lauyoyi. Sashe na 396 ya ce da zarar an karanta tuhuma a riƙa zama kullum. Idan hakan bai yiwu ba, kowane ɓangare ba shi da damar neman ɗagewa fiye da sau 5, tsakanin zama da zama kuma kada ya wuce ranakun aiki 14. Ya kuma ba alƙali ikon ɗora wa mai neman ɗagewar banza kuɗin ɓata lokaci.

Sai sashe na 352, wanda shi ne sabon abu a lokacin. Wanda aka ba beli ya ƙi zuwa ba tare da gamsasshen uzuri ba, bayan an ɗage sau 2, kotu na iya ci gaba da shari'a a bayan idonsa. Sai dai dokar ta ce a dakata da furta hukuncin ɗauri har sai an kama shi ko ya miƙa kansa.

Akwai wata gaɓa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Duk wannan yana aiki ne a kan wanda ya riga ya tsaya gaban alƙali, aka karanta masa tuhuma, ya amsa ko ya musa da bakinsa. Wanda ya bar ƙasa kafin wannan rana, ba a iya fara shari'arsa ko kaɗan, domin lauya ba ya amsa tuhuma a madadin mutum a manyan laifuka. Shi ya sa fayil ɗin wasu manya ke kwance shekara da shekaru.

Masu cewa a ɗaga masa ƙafa

Hujjarsu ta farko ita ce zama a waje daban, gudu daban. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. To, in ji su, don me za a sa marar laifi ya zaɓi ɗaya tsakanin abincinsa da shari'arsa? Mai aikatau a Saudiyya ba ya fita ƙasar yadda ya ga dama. Gyaran da hukumomin can suka yi wa tsarin kafili a Maris 2021 ya sassauta wa ma'aikatan kamfanoni, amma bai haɗa da hadiman gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, kuma nan ne talakan arewa ya fi samun gurbi. Sai kafili ya yarda. Idan ya yarda, sai kuɗin jirgi, a lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 farkon 2024. Idan iƙamarsa ta ƙare kuwa, fitowarsa ita ce ta ƙarshe.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, an rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Ɗan kasuwar da ke zaune Maraɗi, wanda a da zai yi sammako ya bi ta Jibiya ya iso Kankiya kafin kotu ta tashi, sai ya wayi gari ba shi da halastacciyar hanya. Kafin nan an yi wata rufewar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza daga 2022 har tsakiyar 2024, wanda duk ya baro Dubai a tsakanin nan ya san komawarsa sai wani ikon Allah. Babu ɗaya cikin waɗannan da wanda ake tuhuma ya jawo.

Hujja ta biyu ta fi zafi, domin ta shafi kotun kanta. Sukan ce, a ƙaddara mutumin ya sayar da abin da ya mallaka ya zo. Wa ya ba shi tabbacin za a zauna? Yau alƙali ya tafi taro, gobe ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce fayil na ma'aikatar shari'a ana jiran shawara, jibi shaida bai zo ba. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki na wata biyu, ƙofofin kotunan ƙasar duka a garƙame. Misalin da Katsinawa suka fi sani shi ne na tsohon Gwamna Ibrahim Shema: an gurfanar da shi gaban Babbar Kotun Jiha a 2017 kan zargin naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi, shari'ar ta kai 2023, daga bisani gwamnatin jiha ta janye ta. Shekara 6, alhali mutumin yana ƙasar. Da ɗan ci-rani ne aka ce ya halarci kowane zama na irin wannan shari'a, da wane aiki zai riƙe?

Ta uku ita ce tsoro, kuma masu wannan ra'ayi suna cewa ba tsoron banza ba ne. A Nuwamban 2015 kotu ta ba Kanar Sambo Dasuki izinin fita neman magani, jami'an tsaro suka kewaye gidansa suka hana. Ya zauna a tsare har Disamban 2019 duk da belin da kotuna daban-daban suka ba shi. Idan ɗan Sarkin Musulmi, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ya ga haka, ina ga wanda ba shi da kowa? Wanda ke waje yana lissafin cewa ranar da ya sauka za a karɓe fasfonsa, a tsaurara belinsa, wataƙila ya shiga sahun 'yan jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya.

Akwai ma wanda yake son zuwa amma wata hukuma ta riƙe shi. Diezani Alison-Madueke, tsohuwar ministar man fetur, ta zauna Landan daga 2015 ƙarƙashin belin hukumomin Ingila. A 2017 ta roƙi Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta sa a dawo da ita ta kare kanta, kotu ta ƙi. Ko mutum ya yarda da niyyarta ko bai yarda ba, lamarin ya nuna cewa rashin zuwa kotu ba iri ɗaya ba ne.

Masu cewa a ci gaba

Su kuma suna farawa da mutumin da aka manta da shi a duk wannan lissafi: mai ƙara. Shi ma talaka ne. Duk ranar zama sai ya bar gona ko rumfa, ya biya wa kansa da shaidunsa kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kankiya ko Katsina, ya zauna kan benci tun safe, a kira shari'ar, cikin minti biyu a ce an ɗage domin wanda ake tuhuma yana Libiya. Idan damina ce ya yi asarar yinin noma. Sau nawa zai jure? Mafi yawa sukan gaji su ce sun bar wa Allah, kuma wannan gajiyar ce ainihin abin da wasu masu neman ɗagewa ke jira.

Shaida kuma ba ya dawwama. Dattijon da ya san iyakar gonar yana iya rasuwa. Ɗan sandan da ya yi bincike ana iya mayar da shi wata jiha. Likitan da ya duba raunin yana iya barin aiki. Alƙalin ma ana iya canja masa wuri ko ya yi ritaya, shari'a ta koma farko. Sashen nan na 36 da ɗaya ɓangaren ke kafa hujja da shi, shi ne dai ya ce a yi shari'a cikin lokacin da ya dace, kuma jama'a ma suna da haƙƙi a cikin wannan.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne abokan tuhuma. Mutum uku ake zargi da laifi ɗaya. Mai hali ya samu beli ya haye jirgi, biyun da ba su da mai tsaya musu suna gidan yari. Duk ɗagewar da aka yi don na waje, kwanaki ne aka ƙara wa na ciki. Wane irin adalci ne wannan, in ji su, a tausaya wa wanda ke yawo a kasuwar Jidda a kan wuyan wanda ke kwana a kurkukun Katsina?

Sai masu tsayawa beli. A gari irin Kafinsoli ba kamfani ke tsaya wa mutum ba. Kawunsa ne, ko surukinsa, ko wani malamin makaranta mai takardar albashi, ko dattijon da ya ajiye takardar gidansa saboda kunya da zumunci. Doka ta ce idan wanda aka tsaya wa ya ɓace, mai tsayawar zai biya kuɗin da ya sa hannu a kai, ko a sayar da kadararsa, ko a ɗaure shi. Abin da ya sami Ndume ke nan. Shi ne kuma ya sami Sani Umar Ɗangaladima, ɗan majalisar wakilai daga Zamfara a lokacin, wanda ya tsaya wa Faisal, ɗan Maina, a kan naira miliyan 60. Faisal ya daina zuwa kotu, hukumar EFCC ta ce ya tsere Amurka, kotu ta ba da umarnin ƙwace kadarar da mai tsayawar ya jingina, ta ci gaba da shari'a, a Oktoban 2021 ta yanke wa Faisal shekara 14 ba ya nan, duk da cewa sashe na 352 ya ce a dakata da furta hukuncin ɗauri. Sanata da ɗan majalisa suna da lauyoyi da abokai. Kawun da ke ƙauye gonarsa ce kawai. Kuma duk lokacin da aka ci amanar mai tsayawa ɗaya, mutum goma za su ƙi tsaya wa na gaba, alƙalai su ƙara tsaurara sharuɗɗa, talakan da bai taɓa tunanin gudu ba shi ne zai kwana ciki.

Game da uzurin kafili da tsadar jirgi, amsarsu gajeriya ce. Wanda aka ba beli ya yi alkawarin zuwa duk ranar da aka neme shi. Idan ya san yana da shari'a, ya tashi ya tafi inda ya san ba zai iya dawowa ba, ba tare da ya nemi izinin kotu ba, to shi ya ɗaure kansa. Takardun asibitin da ake turowa daga ƙasashen waje kuwa, alƙalin majistare ba shi da hanyar tantance su, kuma an yi amfani da su har sun zube a idon kotuna.

Shari'ar Mohammed Bello Adoke, tsohon ministan shari'a, kowane ɓangare yana janta gefensa. Ya bar ƙasar a 2015, aka shigar da ƙara a kansa kan cinikin rijiyar mai ta Malabu yana waje, aka tsare shi a Dubai a Nuwamban 2019, ya dawo a Disamba. A Maris da Afrilun 2024 kotuna biyu a Abuja suka sallame shi, suka ce masu ƙara ba su kawo abin da zai sa ya kare kansa ba. Masu sassauci suna cewa, ga shi nan, shekaru ana kiransa mai gudun shari'a ashe babu komai. Masu tsanani suna cewa, a'a, ku duba da kyau: bai wanku ba sai da ya zo ya tsaya.

Hanya ta uku, da rigimar da ke cikinta

Annobar korona ta buɗe wata ƙofa. A Afrilun 2020 Babbar Kotun Jihar Borno ta yi zama ta bidiyo. A watan Mayu wata kotu a Ikeja ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta manhajar Zoom, abin da ya tayar da ƙura har wajen ƙasar. Ranar 14 ga Yuli, 2020, a ƙarar da jihohin Legas da Ekiti suka kai, Kotun Ƙoli ta nuna cewa zama ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba, jihohin suka janye ƙarar. Tun kafin nan, a 2013, ƙasashen da ke cikin Kotun Duniya ta Hague sun gyara ƙa'idojinta don wanda ake tuhuma ya iya halarta ta bidiyo ko a ɗauke masa wasu zaman, a lokacin da ake shari'ar William Ruto na Kenya.

Masu sassauci suna ganin magana ta ƙare. Wanda yake hira da mahaifiyarsa ta WhatsApp kowace Juma'a, me zai hana ya halarci zaman kotu ta hanya ɗaya? Ya je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, ko ofishin jakadanci a Yamai, jami'i ya duba fasfonsa ya tabbatar shi ne, a haɗa shi da kotu. Ba a ɗage ba, mai ƙara bai yi zuwan banza ba, shi kuma bai rasa aikinsa ba.

Masu tsanani ba su gamsu ba. Alƙali yana karanta fuska da tsayuwa da rawar murya, allon waya kuwa ba ya nuna wanda ke tsaye bayansa yana raɗa amsa. Kotun da ke fama da rashin wuta da takardar rubutu, da wane injin da wane intanet za ta yi wannan? Babbar tambayarsu ita ce ta ranar ƙarshe. Idan aka same shi da laifi, wa zai riƙe hannunsa? Kotu za ta zama ta ba shi damar gwada sa'a: in ya yi nasara ya dawo da ƙafarsa, in ya faɗi ya kashe waya. Dawo da mai laifi daga wata ƙasa aiki ne na ministan shari'a na tarayya da yarjejeniyoyi da kuɗi masu yawa. An yi wa Maina domin biliyoyi ne a tsakani. Ba wanda zai tayar da 'yan sandan duniya saboda raunin da aka yi wa wani manomi a Kusada.

Shari'ar bayan ido ita ma ba ta fita daga zargi ba. Maƙwabta masu bin tsarin Faransa sun fi Najeriya saba wa da ita. A Afrilun 2022 kotun soja a Wagadugu ta yanke wa tsohon shugaban ƙasar, Blaise Compaoré, ɗaurin rai da rai kan kisan Thomas Sankara, shi kuwa yana zaune Kwaddibuwa tun 2014, bai kwana ko ɗaya a kurkuku ba. Iyalan mamacin sun samu a faɗi gaskiyarsu a bainar jama'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma hukuncin ya tsaya a takarda. A Nijar kuma, Hama Amadou, tsohon shugaban majalisar dokoki, ya fice zuwa Faransa a 2014 kan zargin safarar jarirai, ya dawo a Nuwamban 2015 aka kai shi kurkukun Filinge, aka fitar da shi Faransa neman magani a Maris 2016, sannan a Maris 2017 aka yanke masa shekara 1 ba ya nan. Ya dawo a 2019 ya shiga kurkuku da ƙafarsa. Hukuncin ne ya hana shi takarar shugaban ƙasa a 2020, kuma har ya koma ga Allah magoya bayansa ba su daina cewa siyasa ce ba. Hukuncin da aka yanke mutum bai buɗe baki ba, ko daidai ne, da wuya ya kashe gardama.

Abin da malamai suka riga suka tattauna

Kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ba baƙi ba ne ga wannan matsala, domin malaman fiƙihu sun yi ta fama da ita tun zamanin ayari. Hanafawa sun hana a yanke wa wanda ba ya nan hukunci, suna dogara da wasiyyar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Sayyidina Ali lokacin da ya aike shi Yaman, cewa kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare na biyu. Malikawa da Shafi'awa sun halatta a haƙƙoƙin mutane, daga cikin hujjojinsu akwai ƙarar da Hindu ta kai kan mijinta Abu Sufyan ba ya wurin. Haddin da yake haƙƙin Allah ne tsantsa kuwa, malamai ba su yarda a yanke shi a bayan ido ba.

Abin sha'awa shi ne yadda littattafan Malikiyya da alƙalan arewa ke aiki da su, irin su Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, suka kasa rashin halarta kashi uku. Na kusa, kamar tafiyar kwana 3 a hanya mai aminci, ana aika masa: ko ya zo, ko ya naɗa wakili, ko a yi hukunci. Na tsakiya shi ne mai nisan kwana 10, ko kwana 2 idan hanyar akwai tsoro. Sai na nesa ƙwarai. Idan za a yi wa na nesa hukunci, sai mai ƙara ya ƙara da rantsuwa, a rubuta sunayen shaidu, kuma a ajiye masa hujjarsa har ranar da ya dawo. Galibin wannan a kan dukiya da bashi ne, ba a kan ɗauri ba. Amma awon da suka yi amfani da shi yana da amfani har yau: ba tsawon hanya kaɗai suka duba ba, sun duba ko mutum zai iya binta. Da wannan awo, attajirin da ke Landan da fasfo a aljihu na kusa ne. Makiyayin da kafili ya riƙe wa takardu a bayan garin Riyad na nesa ne ƙwarai.

Inda hujjojin suka fi nauyi

Idan aka tace maganganun, ɗagewa ita kaɗai ce ba ta da mai kare ta da gaske. Ba ta kawo na waje gida, ba ta share wa mai ƙara hawaye, tana ƙara wa na tsare kwana. Ɗagewar da ke da ma'ana ita ce mai rana: mutumin ya ce hutunsa na shekara zai faɗo wata kaza, ya nuna takardar aiki da tikiti, kotu ta tara shaidu ta yi zama a jere cikin mako biyun da zai yi a gida, kamar yadda sashe na 396 ya so tun farko. A nan masu tsanani sun fi gaskiya, kuma sun fi gaskiya a kan wanda ya sulale bayan beli bai sanar da kowa ba, ya bar kawunsa da amsa tambaya.

Masu sassauci kuma sun fi gaskiya a kan cewa dokar da aka ɗinka don irin su Maina ta yi wa ɗan ci-rani yawa. Kalmar gamsasshen uzuri da ke sashe na 352 ta bar wa alƙali fili, kuma ya kamata ya shiga filin ya yi tambayoyi. Mutumin ya tafi ne kafin a shigar da ƙara ko bayan an shigar? Ya nemi izini? Kotu ta san adireshinsa da lambarsa? Ya taɓa zuwa da ƙafarsa a baya? Lauyansa yana halarta kullum, yana shirye a saurari shaidu, ko shi ma ɗagewa kawai yake nema? Amsoshin nan sun fi takardar asibiti bayyana wanda ke gudu. A ƙananan laifuka da doka ta yarda a sasanta, irin su rauni marar tsanani da cin amanar kuɗi kaɗan, wakili da dattawan gari da mai unguwa suna iya kashe wutar, a biya mai haƙƙi, kotu ta rufe fayil, ba sai an jira jirgi ba.

Tsarin da ya fi kusa da haɗa ɓangarorin shi ne mutum ya zo da kansa ranar karanta tuhuma, da ranar da zai ba da shaida, da ranar hukunci, sauran zaman kuma a yarda masa da bidiyo ko lauya, bisa izinin da ya nema tun kafin ya tafi da kuma yardar mai tsaya masa a rubuce. Wannan zai yi aiki a kan rikicin gona da kuɗin jari. A kan kisa da fashi da fyaɗe, inda hukunci ke iya kai wa ga rai ko shekaru masu yawa, lauyoyi da dama ba za su yarda a ba da belin da zai kai ga fita ƙasa ba tun farko, kuma da wuya a ga laifinsu.

Abin da ya rage ba a warware ba shi ne ranar hukuncin kanta. Babu alƙalin da zai iya sanin ko wanda ya halarci zama goma ta waya zai hau jirgi ya zo na sha ɗaya, alhali ya ji yadda shaidu suka kasance. Wasu lauyoyi na ganin a sa ya ajiye kadara tasa ta kansa mai nauyin da zai ja shi gida, a sauke wa dangi. Wasu na cewa wannan zai mayar da sassaucin na masu dukiya kaɗai, ɗan ci-ranin da aka fara maganar dominsa kuwa gonar gado ce kawai gare shi, ita ma bai raba da 'yan'uwansa ba.